Daga Famfon Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Gadar Tamburawa

A ƙarshen shekarun 1970, wanda ya fito ta Ƙofar Nassarawa ya miƙi titin Zariya, da zarar ya wuce shataletalen Dangi ya san gari ya kusa ƙarewa. Gyaɗi-Gyaɗi ce unguwa ta ƙarshe mai cika, ita ma cikar tata a bakin titi take. Ka kutsa ciki kaɗan sai gidaje su fara rarrabuwa: nan gidan ƙasa mai zaure da rufin azara, can sabon gidan bulo na wani ma'aikacin gwamnati da bai samu wuri a cikin birni ba, tsakaninsu gonar dawa ko filin da yara suka mayar na ƙwallo. Darmanawa da Karkasara da Sallari ƙauyuka ne, da damina yaro har ɓata yake yi a cikin dawarsu. Tarauni kuwa, a wurinmu, wani gari ne daban da ake zuwa cin kasuwa. 'Yan cikin ganuwa suna ce mana 'yan waje, mu kuma muna ce wa na Na'ibawa 'yan ƙauye. Kowa da wanda ya raina.

Ɗaurin auren 'yar ɗaya daga cikinmu ne ya sake tara mu a bana, mu da muka yi firamare tare a unguwar muka watse. Uban amarya, wanda duk muke kira Alhaji tun kafin ya je Makka, yana kasuwanci a Kantin Kwari. Injiniya ya zo daga Abuja. Malam bai taɓa barin Kano ba, ya yi koyarwa har ya yi ritaya, amma shi ma ya daɗe da tashi daga unguwar. Ni kuma na taho daga Kaduna. Bayan an watse daga walima Injiniya ya ce kafin kowa ya kama gabansa mu zaga tsohuwar unguwa, daga nan mu gangara kogi kamar yadda muke yi da kekuna ranar Asabar. Alhaji ya ba da mota, Malam ya zauna gaba a matsayin ɗan jagora, don shi kaɗai ne zai iya fitar da mu daga lungunan.

Shataletalen Dangi babu shi. Gada ce mai hawa-hawa da aka yi a zamanin Ganduje, wata mota ta bi sama wata ta nutse ƙasa, kuma da ba don masallacin Umar bin Khaɗɗab na nan a gefensa ba, da ban gane inda nake ba. Mun ɗan leƙa titin gidan Zu. Gidan namun dajin da Audu Bako ya kafa a farkon shekarun 1970 yana nan, da bishiyoyinsa, shi kaɗai ne wurin da ya rage da inuwa a wannan tsakanin. Da Sallah nan muke zuwa da sababbin kaya, mu tsaya gaban kejin zaki muna jiran ya yi gurnani mu kwasa da gudu. Sauran titin ya zama shaguna da ofisoshin 'yan fim, sai katafaren kantin Ado Bayero da aka buɗe a 2014. Malam ya nuna mana wajen Masallacin Murtala a Hausawa, inda aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari a watan Janairun 2013, harin da bayansa aka hana acaɓa a Kano, Adaidaita Sahu ta gaje titi. Ba mu tsaya ba. Hankalinmu na kan lungunmu.

Daga titin Kotu muka ajiye mota muka shiga da ƙafa. Abu na farko da na nema shi ne kududdufi. Kowace tsohuwar unguwa a Kano tana da nata, ramin da aka haƙi ƙasar gina gidajen unguwar, damina ta cika shi ya zama tafki. Namu yana da kainuwa da kwaɗi da agwagin wani maƙwabci da ba ya barin ko jifa a yi musu. An cike shi da shara, an yanka filaye, yanzu bene ne a kansa mai shaguna a ƙasa. Mai shagon farko, yaro ne da bai wuce shekara 25 ba, ya ce shi bai taɓa jin an yi ruwa a wurin ba. Amma na lura dokin ƙofar kowane shago an ɗaga shi ya kai gwiwa, kuma akwai zanen laka a jikin bango. Ruwan sama bai san an sayar da wurin ba, duk Agusta nan yake zuwa.

Gidanmu an rushe zauren an yi gareji. Gidan su Injiniya ya zama makarantar kuɗi. A lungun gaba ɗaya mutum ɗaya muka samu da ta san mu, wata tsohuwa da ke sayar mana da ƙosai da kunun tsamiya muna yara. Muka yi sallama, aka ce mu shigo, muka durƙusa.

"Inna, mun same ku lafiya?"

Ta daɗe tana kallonmu, sannan ta nuna Alhaji da baki. "Wannan dai na gane goshin gidansu. Kai ne ɗan tela mai satar min ƙosai?"

Alhaji, mai jikoki, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, Inna. A yafe."

"Na yafe, ɗan nan. Allah sarki, duk kun yi furfura. Ina iyayenku?" Muka lissafa mata waɗanda suka rasu, ita ma ta lissafa mana nata, aka yi addu'a.

A tsakar gidanta ne na ga abin da ya tsaya min a rai har muka gama yawon. Bututun famfo ne na ƙarfe, tsayinsa bai wuce ƙugu ba, ya yi tsatsa, an cire kan, kuma an ɗaure akuya a jikinsa. Na san famfon nan. Nan matan lungu suke tara bokitai da tuluna in nasu ya yi rauni, don gidan yana gangare, ruwansa ya fi ƙarfi. Da daddare har tsalle tiyo yake yi. Na tambaye ta yaushe rabonsa da kawo ruwa. Ta ce jikarta da aka aurar bara ba ta taɓa ganin ya ɗiga ba. A bakin ƙofa kuwa kura ce ta ɗan garuwa, cike da jarkoki masu ruwan ɗorawa, ya ɗebo daga rijiyar burtsatsen wani mai hali a bayan layi. Kullum sai ta saya, kuma in wuta ta daɗe ba a kawo ba kuɗin jarka ya tashi, don da janareta ake jawo ruwan.

Yaran yanzu za su ɗauka ƙari ne in aka ce musu ruwan da muka sha muna yara daga kogi yake zuwa har tsakar gida. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, hukumar En'e ta Kano ta kafa gidan ruwa a bakin Kogin Calawa wajen Fanshekara, ana tace shi, a tura shi tankin da ke kan Goron Dutse, daga can ya gangaro gari. Daga baya aka yi ta faɗaɗa aikin, bututu ya bi sababbin unguwanni. Ba zan ce kowane gida yana da famfo ba, kuma ba zan ce ba a ɗaukewa ba. Ana ɗaukewa, mu koma rijiya da guga. Amma ɗaukewar ita ce labari, ba kawowar ba.

Tarauni ba mu daɗe ba. Kasuwar tana nan, ta cika ta batse har kan titi. Farm Centre, inda muke zuwa sinimar Marhaba kallon fim ɗin Indiya a ɓoye, ta zama kasuwar wayar hannu, dubban samari kowa da teburinsa da ƙaramin sukundireba. Garin da muke wa kallon ƙauye yau sunansa ne a kan ƙaramar hukuma mai mazaɓu goma, hedikwatarta a Unguwa Uku, kuma Gyaɗi-Gyaɗin tamu biyu ce daga cikin goman, ta Arewa da ta Kudu. Faɗinta duka murabba'in kilomita 28 ne, ƙidayar 2006 ta sami mutum 221,367 a ciki, kuma duk wanda ya bi ta Daurawa ko Babban Giji da yamma ya san wannan adadi ya zama tarihi. Malam, da son tarihi, ya tuna mana cewa gidajen Kundila sunan wani attajirin Kano na ƙarni na 19 suka ci. Alhaji ya ce shi abin da ya sani, mahaifinsa ya ƙi sayen fili a nan don ya yi nisa da gari.

Muka koma titin Zariya, muka wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, a filin da muka sani fayau. Muka haye Gadar Lado, muka bar tashar Unguwa Uku, 'Yan Lemo da 'Yan Katako a Na'ibawa. Da, daga nan sai gonaki da ɗorawa da giginya har kogi, mu yi ta taka keke muna tsayawa shan rake. Yanzu ban ga inda gari ya yanke ba. Gidajen mai, rumbunan ajiya, rukunin gidajen Amana da Kwankwasiyya, sabuwar kasuwar magunguna ta Ɗangwauro, sai kawai muka ga gadar Tamburawa a gabanmu. Tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba, amma a ƙafar yaro mai keken haya ta kai tafiyar Zariya.

Kogin da muka sani iri biyu ne. Da damina jan ruwa ne mai ƙarfi, yana tafe da itatuwa da kara, wani lokaci har da mushen dabba, kuma ko babba ba ya wasa da shi. Daga kan gada muke kallo, mu jefa kara ta wannan gefe mu ruga ɗaya gefen mu ga fitarsa. Da rani kuwa Calawa janyewa yake yi ya bar rairayi fari, mai faɗin da in kana wannan gaɓa ba ka jin kiran wanda ke waccan. Ruwa ya koma ɗan siriri a tsakiya, wani wurin iya idon sawu. Nan muke buga ƙwallo ba takalmi har tafin ƙafa ya yi zafi. In ƙishi ya kama mu, mu durƙusa mu tona yashi da hannu kamu ɗaya ko biyu, mu jira, sai ruwa ya tsattsafo garau, mai sanyi, mu kafa baki. Matan ƙauyukan wurin haka suke ɗiba da ƙwarya. A gaɓa kuma masu lambu ne da jigo, doguwar sanda mai nauyin laka a gindi da guga a baki, mutum ya wuni yana sunkuyar da ita yana ɗagowa, ruwa na bin ƙananan kwalbatoci zuwa fangalin albasa da latas da karas.

Kada in yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Kusan dukkanmu mun yi tsargiya, har wasu yara suna ɗauka fitsarin jini alamar girma ce. Kuma akwai yaron ajinmu da ya bi ruwan farkon damina bai dawo ba, aka same shi can ƙasa da gari. Bayan wannan iyaye suka hana zuwa, aka yi ta dukanmu, muka ci gaba da zuwa.

Yanzu kogin ba ya ƙafewa. Tun da aka gama madatsar Calawa a Ƙaraye a 1992, ana sako ruwa rani da damina, kamar yadda madatsar Tiga ta yi wa Kogin Kano tun 1974. A nan wajen Tamburawa kogunan biyu suke haɗuwa, su wuce Wudil, su zama Kogin Haɗejiya, su bi ta Nguru da Gashuwa har Tafkin Cadi. Rairayin nan fari kuwa an kwashe shi, kuma ba sai an tambayi inda ya tafi ba: shi ne benen da ke kan kududdufinmu, shi ne gadar Dangi, shi ne duk bulon da muka wuce tun daga Na'ibawa.

Mun sauka ƙasan gada mun tsaya kallon 'yan yashi. Saurayi ne a tsaye cikin ruwa iya ƙirji, riƙe da bokitin ƙarfe da aka huda gindinsa. Ya ja numfashi ya nutse, ya ɗago da bokitin cike, ruwa na tsiyaya ta hudojin, ya juye a kwale-kwale, ya sake nutsewa. In kwale-kwalen ya cika har bakinsa ya kusa shan ruwa, a tura shi gaɓa da gora, wasu su kwashe da shebur su tara, wasu su loda wa tifa. Idanunsa jajir, fatar hannunsa ta yi fari ta yamutse. Tifofi kuwa a jere, ɗaya na fita ɗaya na shiga, sun maida hanyar gangaren ta zama kwari. Ban ga laifin yaron ba, abincinsa yake nema, kuma mu masu gini mu ne muka aike shi. Amma gaɓar da aka ci gindinta zubewa take yi da gonakin da ke kanta, kuma ruwa yana barin tsohuwar hanyarsa ya bi ramukan da aka haƙa.

Wani dattijo masunci yana gyaran koma a gindin bishiya. Muka gaishe shi, Malam ya ce, "Baba, ana samu kuwa?"

"To, alhamdu lillahi, samari. Tarwaɗa da karfasa ba a rasawa. Amma ragon ruwa da giwan ruwa sai dai ku je Tiga." Ya nuna yamma da haɓa. "Ranar da masu fata suka sako nasu, ko tsuntsu ba ya sauka. Ruwan ya yi baƙi, ya yi wari, kifi ya taso ciki sama."

Masana'antun jima yake nufi, na Calawa da Sharaɗa, waɗanda dagwalonsu ke gangarowa kogi, wani ta rafin Salanta. Jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yinta, ba da bagaruwa irin ta majemar gargajiya ba, kuma abin da ya shiga ruwa yana shiga lambu. Jigo ma babu ko ɗaya. Ƙananan injinan ban ruwa ne ke ta ƙara a gaɓa, kowanne da tiyonsa a cikin kogi.

Daga inda muke tsaye ana hango ginin matatar ruwa ta Tamburawa, wadda aka yi sabuwarta a zamanin Malam Ibrahim Shekarau don ta tace lita miliyan 150 a rana. A nan gardama ta kaure. Alhaji ya ce ga kogi ba ya ƙafewa, ga matata, to me ya hana famfon Inna kawowa? Injiniya ya tsuguna ya zana mana a ƙasa da tsinke. Ya ce ruwa ba ya hawa gari da kansa, sai an tura shi da manyan injina, injina kuma wuta suke ci dare da rana. Bututun da ke ƙarƙashin tsofaffin unguwanni an binne su ne don mutanen wancan lokaci, sun tsufa, wasu aikin titi ya farfasa su, wasu an yi gini a kansu. Sannan ga yawan baki: ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewaye sun kai mutum miliyan 2.8 tun a 2006. Malam ya ce duk wannan gaskiya ne, amma akwai abin da ya fi shi. Ranar da masu hali suka gane za su iya haƙa burtsatse a gidajensu, ranar famfo ya rasa mai yi masa magana. Wanda zai iya ɗaga waya a saurare shi ba ya jin ƙishi, wanda ke jin ƙishi kuma ba shi da lambar kowa. Ni dai ina bayan Malam. Garin ya taka har bakin kogi da ƙafarsa, amma ruwan kogin ya fi nisa da tsakar gida yau fiye da lokacin da akwai gonaki a tsakani.

Da yake rana ba ta yi ba sosai, muka ƙarasa gaba. Kura da Kadawa kore shar, shinkafa da tumatir da alkama a kan magudanan da ke ɗauko ruwa daga Tiga. Wannan aikin Audu Bako ne, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, kuma duk wanda ya ga buhunan shinkafar Kura ko kwandunan tumatir a Kwanar Gafan ya san mutumin ya yi hangen nesa. Sai dai mutanen Haɗejiya da Nguru suna da nasu labarin, don ambaliyar da ke shayar da fadamunsu kowace shekara ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe musu hanyoyin ruwa. Bagauda, inda makarantarmu ta taɓa kai mu yawon buɗe ido muka ga otal a bakin tafki muka ɗauka Turai ke nan, yanzu reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ne. Madatsarta ce ta ɓalle a watan Agustan 1988, shekarar da ruwa ya yi wa Kano ɓarna mai yawa. A Tiga muka hau dutsen da otal ɗin Rock Castle yake, muka kalli ruwa iya ganin ido, muka ci soyayyen kifi da yaji a hannun mata masu tuya, Injiniya yana ta mitar ƙaya.

A hanyar dawowa, muna sake hawa gadar Tamburawa, Alhaji ya rage gudu ya nuna wani fili da aka kewaye da bulo, bai fi tafiyar minti biyar da ƙafa daga bakin ruwa ba. Ya ce nasa ne, bara ya saya, nan yake so ya gina wa yaransa maza. Malam ya ce ashe ɗan tela zai dawo ƙauye. Alhaji bai kula shi ba, ya juya wajen Injiniya.

"Mutumina, kai ka san harkar nan. Kafin a sa harsashi burtsatse nake so a fara haƙawa. A nan wurin mita nawa kake gani za a yi kafin a tarar da ruwa?"

Injiniya ya ce sai an auna, amma ya san wani mai injin haƙa a Hotoro, zai turo masa lambarsa.